Tambaya da Amsa: Ciyawar Shimfiɗa da Ganuwar Rumawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai kula da lambu ne a wani gida a Lekki. Maigidana ya sayo ciyawar da ake yankowa falle-falle da ƙasarta, muka shimfiɗa a tsakar gida, amma ko mako biyu ba a yi ba ta bushe. Ɗana kuma ya ce wai a makaranta an gaya musu da irinta aka taɓa gina ganuwa. Gaskiya ne? Kuma ina muka kuskure? Daga wani mai karatu a Obalende, Legas.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Yaronka ya faɗi gaskiya, kuma tambayoyinka biyu amsarsu ɗaya ce, wato saiwa. Abin da ke riƙe fallen nan har a ɗauke shi bai warwatse ba shi ne saiwoyin da suka saƙe ƙasar kamar tabarma.

Sojojin Rum sun san wannan sarai. Wajen shekara ta 142 Miladiyya, zamanin sarkinsu Antoninus Pius, sun gina ganuwa mai tsawon kimanin kilomita 60 a ƙasar Sikotland ta yau, daga gaɓar gabas zuwa ta yamma. Harsashinta dutse ne, amma jikinta fallayen ciyawa ne da aka jera kamar tubali har tsayinta ya kai wajen mita 3, ga kuma gwalalo mai zurfi a gabanta. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne, domin soja da shebur yana iya yankar abin gininsa a inda ya tsaya, ba sai ya fasa dutse ko ya jira tubali ya bushe ba. Mu da muke da rana da jar ƙasa, da laka muka gina ganuwar Kano, su kuwa da ruwan sama ya yi musu yawa sai suka dogara ga saiwa. Haka ma manoman da suka kama filaye a tsakiyar Amurka bayan dokar rabon ƙasa ta 1862, rashin itace ya sa suka gina ɗakunansu da fallayen ciyawa.

To, mu dawo Lekki. Zargina na farko yana kan ƙasar, domin yawancin unguwar rairayi ne, kana zuba ruwa yana zurarewa kamar an zuba a rariya. Kafin a shimfiɗa falle ko ɗaya, wajibi ne a kafce wurin, a tsince ɓaraguzan siminti da magina suka bari, sannan a baza baƙar ƙasa haɗe da ruɓaɓɓen taki, kaurin faɗin tafin hannu ko fiye. Na biyu shi ne jinkiri. Fallen da ya kwana biyu a jibge yakan ɗau zafi daga ciki ya yi rawaya, saboda haka ranar da aka kawo shi ranar ake shimfiɗa shi.

Wajen jerawa, ka bi tsarin magina: kada gaɓar wannan layi ta yi daidai da ta na gaba, kuma kada ka bar tazara, don ta baki fallen ke fara bushewa. Ka danne shi sosai ya manne da ƙasa, ka ba shi ruwa safe da yamma na mako biyu, ka kuma hana yara taka shi, ko da na maigida ne. Bayan haka ka kama kusurwar falle ɗaya ka ja a hankali. Idan ya ƙi tasowa, ka ga fararen saiwoyi sun nutsa, to ya kama, sai ka rage ban ruwa.

Idan wurin yana shan rana, ka nemi kiri-kiri, wadda masu sayar da furanni a bakin titi ke kira Bahama, amma a ƙarƙashin bishiya ciyawar kafet mai faɗin ganye ta fi jure inuwa. Shawarata ita ce ka roƙi maigida ya dakata zuwa Afrilu ko Mayu, lokacin da damina ke sauka a Legas, kafin ya sake kashe kuɗinsa.