Kuɗin tsufa daban, jari daban: amsa ga Alhaji mai albasa a Mile 12

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni Bakano ne, shekaruna 54, ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, iyalina suna Agege. Ina da aboki Bazazzagi da ya yi ritaya daga wani kamfani a Apapa. Kullum da dare a teburin mai shayi shi ne abin tsokanarmu. Mu ce masa Darakta, shi ya ce "Darakta mai shayi ba madara." Ya naɗa kansa shugaban ƙungiyar masu jiran alat, wai fanshonsa in ya shigo ko zama ba ya yi yake sallama. Ran nan na matsa masa da wasa, sai ya ce: "To Bakano, ni dai ko ba yawa ina da alat. Kai ranar da gwiwa ta ƙi, buhun albasa ne zai turo maka?" Aka fashe da dariya har da ni, amma daren nan ban runtsa ba. Yanzu kuma yana so ya ba ni naira miliyan 3, ragowar kuɗin sallamarsa, in juya masa a albasa in riƙa ba shi wani abu duk wata. In karɓa? Ni kuma da ba ni da fansho, ta ina zan fara?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa wa kasuwa albarka, ya bar zumunci. A wannan karon kam Bazazzagi ya ci Bakano, kuma ka gode masa, domin a cikin wasa ya faɗa maka abin da yaranka na kasuwa ba za su iya faɗa maka ba. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tambayoyinka biyu ne, amma amsarsu guda: kuɗin da mutum zai ci a tsufa ba a jefa shi inda ake jefa jari, ko nasa ne ko naka.

Bari mu fara da abokinka, don ka san nauyin abin da yake shirin ɗora maka. Tsarin fanshon da ake bi yanzu ya fara ne a 2004, aka sake dokarsa a 2014. Ana cire kashi 8 cikin 100 na albashin ma'aikaci, mai aiki ya ƙara kashi 10, a tara a asusu mai sunan ma'aikacin a hannun kamfanin fansho, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, tana sa ido. In ya ajiye aiki a ba shi wani kaso a dunƙule, ragowar kuma ko dai kamfanin fansho ya riƙa gutsura masa duk wata, ko a miƙa wa kamfanin inshora ya biya shi har ƙarshen rayuwa. Matsalar ita ce an lissafa masa wannan kuɗi da nairar da. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Hukumar ƙididdiga ta ce a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ma'aikaci ya samu ƙari, mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000, Jihar Legas ma ta ce 85,000. Kai ɗan kasuwa in kuɗin mota ya tashi sai ka ɗora a kan buhu. Shi ɗan fansho ba shi da buhun da zai ɗora wa. Saboda haka miliyan 3 ɗin nan ita ce kuɗin hayarsa in mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa, ita ce kuɗin asibitinsa, kuma in ta tafi ba shi da ƙarfin da zai sake tara irinta.

Kai ka fi ni sanin albasa. Ka san yadda tirela ke tasowa daga Aliero ko Sakkwato, ta kwana a hanya, a biya a wannan shinge a biya a wancan, in ta lalace a tsakanin Jebba da Ilorin kaya su yi ta gumi a cikin buhu. Ka san safiyar da ake sauke kaya, yaro ya farke bakin buhu, kafin ka sa hannu hancinka ya gaya maka labari. A zazzage a ƙasa, a zauna ana tsince ruɓaɓɓu, buhu goma su koma takwas, ga matar da ta zo sari da kwandonta tana tsaye tana kallo, ta riga ta san yau ita ce da ciniki. Iskar Legas mai laima ba ta barin albasa ta jira farashi. Ban da wannan akwai abin da ba ya hannun kowa. A Maris ɗin 2016 gwamnatin Legas ta rufe Mile 12 bayan rikici, kayan gwari suka ruɓe a inda suke. A farkon 2021, bayan rikicin kasuwar Sasa a Ibadan, an dakatar da kawo kayan abinci Kudu na wasu kwanaki. Kai in irin wannan ta same ka, za ka farfaɗo a lodi na gaba. Shi ba shi da lodi na gaba.

Abin da ya fi damuna a maganarsa shi ne "wani abu duk wata." Nan ne abota ke mutuwa. Albasa ba ta kawo riba duk wata. Akwai lokacin kaka da kaya ke cika kasuwa har a rasa mai saye, akwai lokacin tsada da buhu ɗaya ke biyan na uku. In ka yi masa alkawarin naira dubu 100 duk wata, watan da babu ciniki za ka ciro ne daga uwar kuɗinsa ko daga jarinka, kana jin kunyar faɗa masa, shi kuma yana ganin kasuwa na tafiya. Ranar da zai ce a ba shi kuɗinsa, sai a tarar an cinye rabi. Ta fuskar addini ma, in ka lamunce masa uwar kuɗi sannan ka yanka masa ƙayyadadden ƙari, wannan kuɗin ruwa ne ko da kun kira shi da sunan taimako. Hanyar da malamai suka yarda da ita ita ce mudaraba: shi da kuɗi, kai da wahala, a raba ribar da aka samu bisa kason da aka yi yarjejeniya, rabi da rabi ko yadda kuka daidaita. In aka faɗi ba da sakacinka ba, asarar kuɗi tasa ce, kai kuma ka yi asarar wahalarka. Ka zaunar da shi ka faɗa masa wannan a fili, ba a teburin mai shayi ba. In ya ce ba zai iya ɗaukar asara ba, to ya ba ka amsa da kansa, kada ka karɓi ko kwabo.

In ya yarda, ra'ayina kada ka karɓi fiye da miliyan 1. Ka sa ta a lodi guda sananne, a yi wa buhunansa alama, a rubuta kuɗin saye, kuɗin mota, na 'yan dako da la'adar dillali. In kaya sun ƙare ku zauna ku yi lissafi kafin a sake wani. A rubuta yarjejeniya, shaidu biyu su sa hannu, ɗaya daga cikin iyalinsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka babu wanda zai ce rubutu rashin yarda ne.

Ragowar miliyan 2 kuwa, ya ware hayar shekara da kuɗin asibiti a banki. Tun 2024 hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ke lamunce wa mai ajiya har naira miliyan 5 in bankin kasuwanci ya durƙushe, kuma akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz, TAJ da Lotus. Za a zo masa da shawarar ya sayi babur ya ba yaro yana kawo balas. Ka tuna masa cewa Legas ta hana acaba a manyan yankuna a Fabrairun 2020, ta sake tsanantawa a Yunin 2022 a Ikeja, Surulere, Apapa da wasu ƙananan hukumomi, kuma babur ɗin da aka kama ba ya dawowa. Duk wanda kuma ya ce zai ninka masa kuɗi cikin wata guda ta waya, ya tuna yadda tsare-tsaren damfara irin MMM a ƙarshen 2016 da CBEX a 2025 suka tafi da kuɗin jama'a.

Yanzu kai, Alhaji. Ka ɗauki littafi ka rubuta abin da ka mallaka da gaske: kayan da ke ƙasa, kuɗin da ke banki, bashin da kake bi, ka cire wanda ake bin ka. A cikin bashin da kake bi, ka ja layi a kan wanda ya shekara bai dawo ba. Yawancin 'yan kasuwarmu in suka yi wannan lissafi sukan tarar kuɗi masu yawa na ratsa hannunsu, amma nasu na kansu bai kai yadda suke zato ba. Daga nan ka yanka wa kanka albashi, wanda daga shi cefane da kuɗin makaranta da gudummawar biki za su fito. Aljihu ɗaya na gida da kasuwa shi ke cinye ɗan kasuwa ba tare da ya ji ba.

Ajiyar tsufa kuma kada ka ɗaura ta a wata, ka ɗaura ta a buhu, tunda samunka ba na wata ba ne. Mu ɗauka ka ware naira 500 a kan duk buhun da ya fita. In kana fitar da buhu 100 a mako, ka tara 50,000, a shekara miliyan 2 da dubu 600. Lokacin tsada ka ninka, lokacin faɗuwa ka rage, amma kada ka tsallake. Sharaɗin guda ne: wannan kuɗi ba ya komawa albasa, komai kyawun farashi a Aliero. Shi ya sa ban lissafa adashi a nan ba. Adashi yana da amfani ƙwarai wajen ƙara jari, amma duk ranar kwasa kuɗin mota yake zama.

Ina za ka kai shi? A Maris ɗin 2019 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho domin masu sana'ar kansu, 'yan kasuwa da direbobi da teloli. Kana zubawa kullum ko mako-mako ko duk wata, gwargwadon ƙarfinka. Yadda aka tsara shi a lokacin, kashi 40 za ka iya cira in buƙata ta taso, kashi 60 a kulle sai tsufa. Ka je ofishin kamfanin fansho mai lasisin PenCom da lambarka ta NIN, ka sa su yi maka bayanin ƙa'idojin cirewa kafin ka sa hannu. Ka kuma tambaye su batun asusu marar ruwa, domin tun 2021 hukumar ta amince da irinsa, ana kiransa Fund VI. Akwai kuma Sukuk na gwamnatin tarayya, takardar zuba jari marar ruwa, wanda aka fara a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Ana shiga da naira 10,000, ana biyan kuɗin haya sau biyu a shekara, a dawo da uwar kuɗi in wa'adi ya cika. Ba kullum ake buɗe shi ba, sai ka gaya wa bankinka su sanar da kai.

Sai dai a shekara 54, abin da na fi so ka fara yanke wa hukunci shi ne inda za ka tsufa. In Legas ce a gidan haya, to duk abin da ka tara mai gida da ejan, wato dillalin haya, ne za su raba, shekara bayan shekara. In Kano ce, ka fara ɗora bulo tun yanzu, ko ɗaki uku ne da shago ɗaya a gaba da za a ba haya. Tsoho mai gidan kansa da ɗan abin da ke shigowa ya fi mai miliyoyi a banki da ke jiran takardar tashi. Fili kuma kada ka saya ta waya. Ka je da ƙafarka, ka ga takardu, ka ga mai unguwa da maƙwabta, ka sa sunanka a kai, ba sunan ƙaninka ba.

Sannan rumfar kanta. Wurinka a Mile 12, masu kawo maka kaya daga Arewa da suka yarda da kai, matan da ke sari a wurinka shekara da shekaru, duk dukiya ce, amma tana tsaye ne a kan ƙafarka. In kana da ɗa ko yaro mai amana, ka fara jawo shi cikin lissafi tun kana da ƙarfin duba shi. Ka gabatar da shi ga masu kaya, ka bar shi ya yi ciniki kana gefe, ka yanka masa kaso a riba maimakon kuɗin abinci kawai. Dubi maƙwabtanmu Ibo a kasuwannin Alaba da Ladipo, yaro ya san shekarun da zai yi da abin da za a sallame shi da shi, shi ya sa yake riƙe shago da zuciya ɗaya. Yaron da bai san makomarsa ba, shi zai sallami kansa daga cikin jarinka.

Gwiwar da abokinka ya ambata ma a duba ta. Jihar Legas tana da inshorar lafiya ta Ilera Eko, ana biya shekara-shekara, ka yi wa kanka da iyali rajista, ka kuma ja Darakta ku je tare a auna hawan jini da suga. Ajiyar da ta kai nisabi ta shekara akwai zakka a kanta, kashi biyu da rabi cikin 100, ka sa ta cikin lissafi tun farko. Littafin nan kuma da za ka rubuta asusu da fili da bashi da kuɗin abokinka, ka nuna wa Hajiya da babban ɗanka inda yake ajiye, ka kuma sa sunan magaji a takardar fansho ranar da za ka buɗe asusun.