Bes ɗin sifika yana ruri amma ba ya fita sarai

Ɗan'uwa na Garwa, ka ce ka kashe kuɗi kan manyan sifiku da wufa (sifikar da ke fitar da bes, wato sauti mai kauri irin na ganga), amma bes yana ta ruri a gefe ɗaya na falo, in ka zauna kan kujera kuma sai ya ɓace. Kada ka yi saurin sauya kaya, ɗakin ne ke yi maka haka.

Gidajenmu bangon siminti ne da tayil, suna maido da sauti. Igiyar sautin bes mai 40 Hz (wato girgiza 40 a daƙiƙa) tsawonta ya haura mita 8, saboda haka tana dukan bango ta dawo ta haɗu da mai fitowa, wani wuri su ƙaru, wani wuri su kashe juna. Don ka gano inda ya fi dacewa da wufar, ɗora ta a kan kujerar da kake zama, ka kunna kiɗa mai ganga, ka duƙa ka bi gefen bango kana saurare. Inda ka ji ganga ta fito tsaf, nan ne mazauninta. Kusurwa tana ƙara ƙarfi, amma sau da yawa ita ce tushen rurin.

Sannan ka sa kirosoba (saitin da ke raba sauti tsakanin wufa da sauran sifiku) a 80 Hz, ka gwada maɓallin wufar mai lamba 0 da 180, ka bar wanda ya fi cika kunne. Duba wayoyi ma: in ja da baƙi suka juye a sifika ɗaya, bes zai raunana.

Kafet da labule ba sa shanye bes sosai, kujeru masu kauri sun fi su. Wutarmu kuma tana hawa da sauka, don Allah ka haɗa amfilifayar da sitabilaiza mai kyau.