'Yata Tana Kwana Kan Littafi, Da Safe Kamar An Wanke Allo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. 'Yata tana ajin ƙarshe na sakandare, ga JAMB a gaba, WAEC na biye. Daga makaranta sai lesin, da yamma Islamiyya, da dare kuma ta haɗa Nescafé, ta tsoma ƙafafu a bokitin ruwan sanyi don kada barci ya sace ta. Yanzu kullum ciwon kai, ta rame, abu kaɗan sai kuka. Ta ce in gari ya waye kamar an wanke allo. Babanta kuwa ya ce sai likitanci a ABU. Yaya zan yi?
Wata uwa, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Bokitin nan na san shi. Ni ma na tsoma ƙafa a cikinsa muna ɗalibai a harabar ABU ta Kongo, ban tsira da komai ba sai mura. Yau ɗin nan ki zubar da ruwan.

A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka karanta da rana, rashin barcin ne ya sa allon nata yake wayar gari fes. Mai shekarunta, likitoci sun ce tana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Sinadarin da ke cikin Nescafé kuwa, bayan kamar awa 5 rabinsa yana nan a jini, don haka daga la'asar a ajiye kofi. Ta kwanta ƙarfe 9, ta yi karatu bayan sallar asuba. JAMB darussa 4 ce a kwamfuta, maki 400. Ta ɗauki tambayoyin shekarun baya, ta sa agogo, ta riƙa amsawa. Ya fi bitar littafi shafi-shafi. Wanke-wanken dare ma ki ɗauke mata har a gama.

Amma fa babban kayan da ke kanta, maganar Alhaji babanta ce. Yarinya tana ganin in ba ta zama likita ba ta kunyata gida. Ki same shi bayan ya ci tuwo hankalinsa ya kwanta, ba a gabanta ba. A ABU ta Samarun nan ana karanta harhaɗa magunguna, aikin jinya, noma, duk abin cin abinci ne. Ki sa shi da bakinsa ya ce mata, "Ki yi iya ƙoƙarinki, abin da Allah Ya ba ki na karɓa."

In an yi mako biyu ba sauƙi, ba ta cin abinci, ku je asibitin koyarwa na Shika, akwai likitocin ƙwaƙwalwa. In kuwa kika ji ta ce ta gaji da duniya, kada ku jira mako biyun, ranar za ku tafi.