Muryar Anti Nas a kan aikin ciro jariri da aka yi wa ɗiyar Yaya

Ga abin da Anti ta faɗa a voice, na rubuto saboda masu ƙarancin data.

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yaya barka da arziki, Allah raya, Allah ba mai jego lafiya. Na ji tambayarki, kin ce duk sikanin da aka yi ana cewa lafiya lau, to me ya sa rana ɗaya aka ce sai tiyata? Yaya ai sikanin baya yin naƙuda. Cikin fari shi ne gwajin ƙugu na farko, ba wanda zai rantse miki kan yaro zai wuce sai naƙudar ta zo an gani.

Abin da na fi gani a ɗakin haihuwa shi ne naƙuda ta tsaya. Bakin mahaifa sai ya buɗe santimita 10, sai ki ga yarinya ta kai 6 ta maƙale, awa huɗu ana dubawa yana nan inda yake, kan yaron sai kumbura yake. Wani lokacin ƙugun ne bai kai ba, musamman yarinya ƙarama da jikinta bai gama ƙosawa ba, ko gajeruwa sosai wadda ba ta kai santimita 150 ba. Wani lokacin yaron ne ƙato, ya haura kilo 4, wannan mun fi gani wajen masu suga na ciki da masu ƙiba. Wani kuma kan ne ya sauko fuska na kallon sama, shi ne za ki ji tana ta kukan bayanta zai ɓalle.

Sai bugun zuciyar yaro, muna so mu ji shi tsakanin 110 da 160 a minti, in ya faɗi ko faya ta fashe muka ga ruwan kore shar alamar ya yi kashi a ciki, wallahi ba ma tsayawa dogon zance. Ga hawan jini, fuska ta kumbura, ciwon kai, ganin dishi-dishi, kafin ki ankara jijjiga, kuma 'yan cikin fari ta fi kamawa. Wadda cikinta ya wuce sati 41, da wadda ta haura 35 kafin ta samu na fari, su ma suna cikin waɗanda aka fi yi wa aikin. Yaro a gicce kam ba ma maganarshi, sai aiki.

Amma abin da ke ci min rai kunyar nan tamu. An kawo yarinya goyon ciki, tun magariba take murƙususu ta ƙi faɗa wa uwarta, da aka gane kuma a ce haihuwar fari ce dama sai ta daɗe, a jiƙa wannan a ba ta wancan, sai ta kwana biyu a ɗauko ta a galabaice. Ku je asibitin Babbar Ruga da ke Katsina ku ga masu yoyon fitsari, da yawansu doguwar naƙudar fari ce, da an yi aikin da wuri da ba su kai nan ba.

Kuma Yaya kar ki bari a tsorata ta da cewa shikenan kullum sai an yanka ta, da yawa suna haihuwa da kansu bayan aiki ɗaya, amma dole a asibiti, kuma ta huta kamar shekara biyu. Kar a gasa mata wurin ɗinkin da ruwan zafi don Allah. Gobe bayan la'asar zan leƙo in ga ciwon.