Ka Tambaya Mu Amsa: Na ci Ingila amma baitulmali ya ƙone

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru, wata biyu kenan ina buga Crusader Kings III, gem ɗin mulki da yaƙin sarakunan da, a laftof ɗin yayana. Na ɗauki William na Normandi a 1066, na ci Ingila da kyar, to amma tun daga nan ban huta ba, kuɗina kullum suna ja, wato ina cikin bashi, hakimaina sun haɗa kai za su yi min tawaye, ga Sarkin Faransa yana hararata. Na so in kai yaƙi Weles ko zan samu ganima sai gem ɗin ya hana ni wai ina da bashi. Ina na kuskure don Allah?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanina. Ba ka kuskure wajen yaƙin ba, wajen lissafi ka kuskure, kuma wallahi duk mun yi wannan. Ni karona na farko har sojan haya na ɗauka saboda ɗoki, ban lura cewa kwangilarsu ta shekara 3 ce kuma a gaba ake biya ba, yaƙin ya ƙare cikin wata takwas na zauna ina kallonsu suna cin tuwo a banza.

Fara da duba rundunarka. Kashi biyu ne, akwai mayaƙan gayya da ƙasa ke turo maka, akwai kuma dakarun dindindin, wato maharba da masu mashi da mahaya dawaki, waɗanda kai ka saya da zinarenka. Su na biyun ko suna zaune a gida ana biyansu, amma ranar da ka ɗaga tuta ka fito da su fagen yaƙi kuɗinsu ninkawa yake yi sosai, to mutane da yawa suna gama yaƙi su manta ba su sallami runduna ba, agogo na gudu kuɗi na zurara kamar tulu mai huji. Je ka duba yanzu, ina kyautata zaton taka tana nan tsaye a bakin Landan ba aikin fari ba na baƙi. Sallame ta. Sannan leƙa kurkukunka, duk wani mai sarauta da ka kamo a fagen fama ka karɓi kuɗin fansarsa, shi ne kuɗin da ya fi saurin shigowa. Ma'ajinka kuma ka sa shi kan tara haraji har sai ka fita daga bashi, don muddin kana ja ba za a bar ka ka ƙaddamar da yaƙi ba.

Maganar hakimai ita ce mai nauyi, bari in ɗan daɗe a kanta. Ƙungiyar tawaye ba ta fara zama barazana sai ƙarfin mayaƙanta ya haura kashi 80 cikin ɗari na naka, don haka ba sai ka faranta wa kowa rai ba, buɗe jerin sunayen ka ga wa ya fi yawan mayaƙa, shi kaɗai za ka ɓalle ragowar su watse. Hanya mafi araha aure, ka ba ɗansa 'yarka ko ka nema wa ɗanka 'yarsa, da zarar ya zama abokin ƙawancenka ba shi da damar zama cikin masu tawaye. In ba ka da 'ya'yan aurarwa to ba shi kujera a majalisa, waziri ko madaki, ko da bai ƙware ba, saboda babban hakimin da aka hana kujera yana rage maka ƙauna da maki 40 cur, kuma irinsu ne ke kitsa komai. Kyautar zinare ma tana aiki, sai dai kai yanzu aljihunka ba ya ɗauka. Wani abu kuma, ƙasashen da ka riƙe a hannunka in sun wuce iyakar da aka ba ka harajinsu raguwa yake, raba ragowar ga mutanenka ka samu masu yi maka biyayya kyauta.

Shi William na gaskiya ma haka ya yi fa. Ya ci yaƙin Hastings ranar 14 ga Oktoba 1066, amma da arewacin Ingila ta yi bore a 1069 jiragen Denmak suka zo taya su, kuɗi ya ba 'yan Denmak ɗin don su janye, a 1086 kuma ya tura aka ƙidaya gonaki da dabbobin ƙasar don ya san abin da zai shigo masa. Mu ma nan Zazzau abin da ya saura ana nunawa ganuwa ce da ƙofofi irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana, wato abin da aka gina ne ke ɗorewa, to kai ma gini za ka sa a gaba. Bar Weles ta sha iska shekara goma, kuɗin da ya fara taruwa ka zuba shi a gonaki da tashar jiragen ruwa a ƙasashen hannunka. Faransa kuwa nemi surukuta da wani mai ƙarfi a maƙwabtanta, in aka kawo maka hari kiran abokin ƙawance kyauta ne, in kai ka tsokano ne ake cire maka martaba, wato makin daraja da sarki ke tarawa a gem ɗin.

Tambaya: Malam wai da gaske akwai Hausawa a gem ɗin nan? Daga wata 'yar'uwa a Tudun Wada.

Amsa: Ƙwarai kuwa Hajiya. Zaɓi shekarar 867 za ki ga Daurama ta Daura cikin waɗanda kamfanin Paradox mai gem ɗin ya jero a shafin farko. Sai dai lissafinta daban ne da na William, mulkinta na ƙabila ne, da martaba take sayen dakaru, kuma tana iya kai hari maƙwabta ta kwaso ganima ba tare da ta shelanta yaƙi ba. Ki kula da gado kawai, in 'ya'ya sun yi yawa ƙasar rabewa take yi ranar da aka rasu. Ki riƙa adana wasan akai-akai, ni an taɓa ɗauke min wuta saura kwana kaɗan in ci Kano.