Tambaya da Amsa: Wai shi Hagin nan na Romaniya, a fili kaɗai ya iya ko har a benci?

Jama'a barkanmu da wannan mako. Saƙonni uku ne suka taru a kan mutum ɗaya, shi yasa na haɗa su wuri guda, masu tambayar Arsenal ku yi haƙuri sai wani satin.

TAMBAYA: Salam Kawu. Dan Allah ka raba mana gardama. Muna kallon wasan Madrid da babana sai yace wai duk yaran nan babu wanda ya kama ƙafar wani Hagi ɗan Romaniya, kuma wai ya buga wa Madrid ya buga wa Barca. Ni dai ban taɓa jin sa ba, kuma su Romaniya yaushe ma suka iya ƙwallo? Ɗanka daga Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Ka je ka bawa Baba haƙuri, gaskiya ya faɗa maka. Gheorghe Hagi sunansa, an haife shi ranar 5 ga Fabrairu 1965 a kusa da Constanta, wani gari na bakin teku a Romaniya, kuma lamba goma ne irin na da, wato wanda ba ya wahalar da kansa da bin mutum, a dai kawo masa ƙwallo a ƙafar hagu a ga aiki. Sunan ma kamar da gangan, Hagi da hagu. Turawa suna ce masa Maradonan tsaunukan Carpathia, mutanen ƙasarsa kuma Sarki kawai suke ce masa.

Ya fara ne a Farul ta garinsu, ya koma Sportul Studentesc a Bukares inda ya fi kowa cin ƙwallo a lig ɗinsu sau biyu a jere, 1985 da 1986. Yadda ya shiga Steaua kuwa abin dariya ne. Steaua ƙungiyar sojoji ce, ita ta ci kofin Turai a 1986 bayan ta doke Barcelona a fenareti, golansu Duckadam ya kaɗe huɗu a ranar, to da za su buga Super Cup da Dynamo Kiev a farkon 1987 sai suka ce a ara musu Hagi na wasa ɗaya tak, ya je ya ci musu ƙwallo ɗayan da aka ci a wasan da bugun tazara, shikenan aro ya zama kyauta, suka ƙi mayar da shi, kuma lokacin mulkin Ceausescu ne ɗan shugaban ƙasa ma yana tare da kulob ɗin, wa zai je ya ce wa soja dawo min da kayana? Da shi suka kai wasan ƙarshe na kofin Turai a 1989, AC Milan ta su Gullit da Van Basten ta lallasa su 4-0.

Sai da gwamnatin kwaminisanci ta faɗi a Disamba 1989 ƙofa ta buɗe wa 'yan wasansu. Madrid ta ɗauke shi a 1990. Anan zan ɗan rage wa Baba maki, don shekara biyun da ya yi a can bai ci lig ba, a 1992 ma ranar ƙarshe suna gaban Tenerife da ci 2-0, shi ya ci ɗaya, aka farke aka ƙara musu, 3-2, kofi ya tafi Barca. Daga nan ya tafi Brescia a Italiya wajen ɗan ƙasarsu Mircea Lucescu, har suka faɗa rukuni na biyu kuma ya zauna ya buga. Ka yi tunani, mutum daga Bernabeu, filin Madrid, sai Serie B.

Abin da Baba yake tunawa na san kofin duniya na Amurka 94 ne. A wasan Kolombiya, waɗanda ake ta cewa su za su ɗau kofi, Hagi yana can gefen hagu dab da layi ya hango gola Cordoba ya ɗan fito, ya ɗaga masa ita ta sama ta faɗa raga, har yau ana musu wai kuros ya yi niyya, ni dai na ga ya ɗaga kai ya kalli golan kafin ya buga. Suka ci 3-1. A zagaye na biyu suka fitar da Ajantina 3-2, Dumitrescu biyu Hagi ɗaya. Maradona bai buga ba don an kore shi kan gwajin ƙwaya da aka yi masa bayan wasansu da Najeriya, wanda Siasia ya fara ci Caniggia ya rama biyu. Suwidin ce ta tsayar da Romaniya a kwata fainal da fenareti. Bayan gasar koci Cruyff ya kai Hagi Barca, a can ma benci ya fi yawa.

Inda ya zama sarki na gaske Galatasaray ne, ya je a 1996 yana da shekara 31 ana cewa ya ƙare, suka ci lig ɗin Turkiyya huɗu a jere da koci Fatih Terim, sannan kofin UEFA na 2000 a hannun Arsenal a Kopenhagen. Kanu ya shigo daga benci a wasan. Shi kuma Hagi jan kati ya karɓa a ƙarin lokaci bayan ya kai wa Tony Adams hannu, surukinsa Popescu ne ya buga fenaretin ƙarshe. Ka riƙe maganar zuciyar nan tasa, za mu dawo kanta.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa. Yayana kullum labarinsa yadda muka doke su Hagi a 1990, gaskiya ne? Sannan naji masu sharhi suna kiransa Haji, Musulmi ne ya je Makka? Ƙaninka daga Garwa, Kamaru.

AMSA: Ina amsawa ƙanena. Gaskiya ne, a kofin duniya ne, a garin Bari na Italiya aka yi, Kamaru 2 Romaniya 1, Roger Milla ya shigo daga benci yana da shekara 38 ya zura biyu ya je wajen tutar kwana ya taka rawarsa. Hagi yana cikin fili ranar. Duka ƙasashen biyu sun fito daga rukunin, Ireland ta cire Romaniya, ku kuma kuka kai kwata fainal.

Maganar suna, haka ake furta shi, Haji, amma shi Kirista ne ɗan ƙabilar Aromaniya. Asalin kalmar dai ɗaya ne da Alhajinmu, don a zamanin daular Usmaniyya Kiristocin yankin Balkan sun ari kalmar suna laƙaba wa wanda ya je ziyara Ƙudus, daga baya ta zama sunan gida.

TAMBAYA: Yallaɓai ni ina horar da yara a unguwarmu. Naji ance Hagi da ya zama koci bai taɓuka komai ba, me yasa manyan 'yan wasa basa iya koci? Daga Damagaram.

AMSA: Koci sannu da ƙoƙari. Wanda ya faɗa maka haka rabin labarin ya sani, kuma rabin nasa gaskiya ne. Yana ajiye takalmi a 2001 aka miƙa masa tawagar ƙasa, bai taɓa riƙe ko ƙaramin kulob ba, Sulobeniya ta hana su zuwa kofin duniya na 2002, 2-1 a waje 1-1 a gida, ya sauka. A Bursaspor ta Turkiyya 'yan watanni ya yi. Galatasaray ya ci musu kofin Turkiyya a 2005, ya yi wa Fenerbahce 5-1 a fainal, Ribery yana yaro a cikin tawagar, amma lig bai samu ba ya tafi. A kulob ɗin Timisoara na Romaniya ba labari. Steaua a 2007 ya kai su rukunin Champions League amma mai kulob ɗin Gigi Becali yana ta sa masa baki a wanda zai buga da wanda zai zauna, Hagi ya tattara ya bar masa kayansa. Ya koma Galatasaray a 2010, ko shekara bai cika ba.

Ni a ganina ba rashin sanin ƙwallo bane. Mutum ne mai zafin zuciya, ko wasansa na ƙarshe a babbar gasa, da Italiya a Euro 2000, da jan kati ya fita, kuma irin wannan ba ya zama ƙarƙashin attajirin da zai bugo waya ana gobe wasa yace saka wane cire wane. Ga kuma matsalar gwanaye, abin da shi yake yi ba tare da tunani ba yana mamakin yadda wani ya kasa.

To sai ya yi abin da nake so ka duba da kyau tunda yara kake riƙewa. A 2009 ya zuba kuɗinsa ya buɗe makarantar ƙwallo a Ovidiu kusa da Constanta, da filaye da wurin kwanan yara, ya kafa kulob mai suna Viitorul, ma'anarsa gaba ko makoma. Daga rukuni na uku suka taso. A 2014 ya sauko da kansa ya karɓi benci, shi ne mai gida shi ne koci, ba mai bugo masa waya, kuma a 2017 yaran nan suka ɗauke lig ɗin Romaniya, maki ɗaya suka tashi da kulob ɗin Becali, aka duba wasannin da suka yi tsakaninsu aka ba Viitorul, Becali ya kai ƙara har kotun wasanni ta Lausanne a Suwizalan, kotu tace kofi na Hagi ne. 2019 suka ƙara da kofin ƙalubale. A 2021 ya haɗe kulob ɗin da Farul inda ya fara tun yana yaro, 2023 suka sake cin lig.

Kuɗin tafiyar da abin kuwa yawanci daga sayar da 'yan wasan da ya horar ga wasu kulob yake fitowa, Razvan Marin ya tafi Standard Liege daga nan Ajax, Florinel Coman da Denis Dragus duk 'yan gidan ne, sai ɗansa Ianis da aka haifa a Istanbul a 1998, wanda ya ci lig ɗin Scotland da Rangers a 2021 a hannun Gerrard. Shi Ianis ƙafa biyu yake bugawa, har kwana yana iya bugawa da kowacce, amma hagun uban dai ban ga ya gada duka ba.

Ka turo min hoton yaran naka koci, ka faɗa min shekarunsu da irin filin da kuke atisaye.