Tambaya da Amsa: Jan Tirelar Kwana da A-kori-kura Mai Shan Dizal

Wasiƙun da suka taru a wannan fili a kwanakin nan sun fi karkata ga magana guda, wato jan irin tirelar nan da ake kwana a cikinta, mai gado da ɗan wurin girki da banɗaki, wadda ake ɗaurawa a bayan mota a tafi doguwar tafiya da ita. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, domin amsoshinsu sun shafi sauran.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da a-kori-kura mai ƙofa huɗu mai shan dizal, kuma littafin motar ya nuna cewa za ta iya jan nauyin kilo 3,500. Na samu tirelar kwana wadda mai sayarwa ya ce nauyinta kilo 2,400 ne, kuma mu biyar ne za mu riƙa tafiya da ita. Tunda akwai ratar fiye da kilo dubu tsakanin lambobin biyu, ashe ba ni da abin fargaba?

Amsa: Ɗan'uwa, na gode da ka tambaya kafin ka biya kuɗi, domin mafi yawan masu wannan tambayar sai sun ɗaura tirela sun ga bayan motarsu ya durƙusa sannan suke neman bayani. Lambar 3,500 gaskiya ce, kuma ita ce ake gani a kan nau'o'i da dama na Toyota Hilux da Ford Ranger masu dizal, amma da sharaɗin cewa tirelar tana da birkinta na kanta; idan ba ta da shi, iyakar takan sauko zuwa kilo 750. Sai dai wannan lambar tana faɗa maka abin da motar za ta iya ja ne kawai, ba ta faɗa maka abin da za ta iya ɗauka a gadon bayanta ba, kuma a nan ne lissafin mutane ya fi rushewa.

Mu fara da tirelar. Kilo 2,400 da aka faɗa maka kusan kullum nauyinta ne tana fanko, kamar yadda ta fito daga masana'anta. Kowace lita ta ruwa kilo guda ce, saboda haka tanki mai cin lita 150 ya ƙara maka kilo 150 tun ba ka sa komai ba. Idan ka haɗa da tukunyar iskar gas da batir da tufafi da shimfiɗu da kayan girki, ba wuya ka kai kilo 2,800. Wani kaso na wannan nauyi ba ya kan tayoyin tirelar, yana sauka ne ta wuyanta a kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan motarka. Ga tirelolin da aka ƙera a kan tsarin Amurka, ana so wannan kaso ya kasance tsakanin 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta da lodi, yayin da na tsarin Turai, waɗanda aka yi su da sauƙin wuya, sukan tsaya wajen 5 zuwa 7 cikin 100. Idan muka ɗauki 12 cikin 100 na kilo 2,800, mun samu kilo 336 da suka hau kan motarka.

Yanzu buɗe ƙofar direba ka duba takardar da aka manna a jikin ƙarfen ƙofar, ko ka koma littafin motar, za ka ga iyakar nauyin da aka yarda ta ɗauka. A ce, misali, kilo 900 ne. Mutum biyar za su iya kai kilo 350, ƙarfen haɗin kansa ya kai kilo 40, kayan da aka jibga a bodi kilo 200, ga kuma kilo 336 na wuyan tirela. Jimla ta zama kilo 926, wato ka haura iyaka, alhali a wajen ja kana da sauran kilo 700 da ba ka taɓa ba. Ka kuma sani cewa injin dizal ya fi na fetur nauyi, don haka a mota iri ɗaya mai dizal takan fi ƙarancin abin da za ta ɗauka. Akwai wasu iyakoki biyu da ya kamata ka nemo: nauyin da shi ƙwallon haɗin zai iya jurewa, wanda ake rubutawa a jikinsa, da kuma jimlar nauyin mota da tirela a haɗe, wadda sau da yawa ba ta barin mutum ya cika bodi ya kuma ja kilo 3,500 a lokaci guda.

Abin da ya sa nake nanata wannan shi ne injin dizal yana da yaudara. Ƙarfin murɗawarsa yana zuwa tun injin bai ɗaga murya ba, don haka zai ja lodin da ya wuce kima ba tare da ya yi kuka ba, direba kuma ya ɗauka cewa komai lafiya. Amma tayoyin baya da sifirin da birki ba su san da wannan ƙarfin ba, nauyin da aka ɗora musu kawai suka sani. Shawarata ita ce ka loda tirelar kamar yadda za ka yi tafiya da ita, ka ɗauki iyalinka, ku hau sikelin da ake auna manyan motoci, a auna gaba da baya da tirela daban-daban. Abin da sikeli ya faɗa shi ne hujja, ba abin da mai sayarwa ya faɗa ba.

Tambaya: Malam, ni da maigidana muna karɓa-karɓa wajen tuƙi. A tafiyarmu ta ƙarshe mun hau wani dogon tudu ba tare da wata wahala ba, amma da muka fara gangarowa sai birki ya soma wari, fedar kuma ta yi laushi a ƙarƙashin ƙafata. Na ɗauke ƙafa daga totur amma motar ba ta rage gudu kamar yadda tsohuwar motarmu mai fetur take yi ba. Laifin motar ne?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa. Rashin rage gudun da kika ji ba lalacewa ba ce, ɗabi'ar injin dizal ce, kuma ya dace duk mai jan tirela ya fahimce ta. A injin fetur akwai wata 'yar ƙofa da take toshe hanyar iska idan aka ɗauke ƙafa daga totur, sai fistin ya riƙa ja da ƙyar, wannan wahalar ita ce take riƙe motar. Injin dizal ba ta wannan hanya yake sarrafa ƙarfinsa ba. Yana shaƙar iska sosai, ya matse ta har ta yi zafin da zai kunna man ba tare da fulogi ba, kuma iskar da ya matse tana sake turo fistin ɗin ƙasa kamar sifirin. Shi ya sa riƙonsa a gangara yake da rauni idan aka kwatanta da nauyin da yake iya ja.

Matsalar tsohuwa ce. A shekarar 1931, Clessie Cummins, wanda ya kafa kamfanin injinan Cummins, yana gangarowa daga mashigin Cajon a jihar Kalifoniya da babbar mota mai dizal, birkinsa ya yi zafi ya daina kamawa, saura ƙiris ya afka wa jirgin ƙasa. Wannan tsoron ne ya sa ya ƙirƙiro birkin inji da kamfanin Jacobs ya fara sayarwa a 1961. Manyan a-kori-kura na Amurka na yanzu, masu injin Cummins ko Power Stroke ko Duramax, suna da ɗan'uwan wannan dabara, wato birkin salansa, wanda yake matse hanyar fitar hayaƙi domin injin ya riƙe motar. Idan taku tana da maɓallinsa, ki kunna shi duk lokacin da kuke ja, tare da maɓallin ja da ɗaukar kaya idan giyar mai canza kanta ce. Ƙananan a-kori-kura da yawa ba su da shi, kuma a nan giya ce kaɗai mataimakiyarki.

Ki rage gudu tun kina saman tudu, ki sa ƙaramar giya kafin gangarar ta fara, kusan giyar da za ki hau tudun da ita. Kada ki ɗora ƙafa a kan birki ki bar ta tana gugarsa tun daga sama har ƙasa, domin hakan ne yake dafa shi har man birkin ya tafasa, fedar ta nutse. Ki taka shi da ƙarfi na ɗan lokaci har gudun ya sauka sosai, sannan ki sake shi gaba ɗaya ya sha iska. Sannan ina zargin cewa birkin tirelarku ba ya ɗaukar rabonsa na aikin. Idan mai lantarki ne, akwai wata 'yar na'ura kusa da sitiyari da ake saita ƙarfinsa da ita, kuma idan an bar ta a ƙasa, birkin mota shi kaɗai yake tsayar da nauyin biyu. A kai ta wurin bakanike ya duba, ya kuma canza man birkin da ya riga ya sha wannan zafin.

Tambaya: Malam, idan babbar mota ta wuce ni, ko iska ta bugo daga gefe, tirelata takan fara lilo hagu da dama har in ji tana jan bayan motar. Me ke jawo haka, kuma me zan yi a lokacin?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan shi ne haɗarin da na fi jin tsoro a duk harkar, domin lilon yana iya ƙaruwa da kansa, kowane kaɗawa ya fi na baya, har ya kifar da mota da tirela cikin 'yan daƙiƙoƙi. Tirelar kwana doguwa ce mai faɗin gefe kamar bango, iska tana samun wurin kamawa. Amma babban dalilin ya fi zama yadda aka loda ta. Idan kaya masu nauyi suna can ƙarshen baya, wuyan ya yi sauƙi, tirelar ta zama kamar majaujawa a bayan tayoyinta. Ka sa kusan kashi 60 cikin 100 na kayan a gaban tayoyi, masu nauyi a ƙasa kusa da su, ka ɗaure su yadda ba za su zame ba. Akwai masu rage nauyin wuya da gangan don kada bayan mota ya durƙusa, kuma ina roƙonka kada ka bi su; maganin durƙusawa shi ne rage kaya, ko amfani da irin ƙarfen haɗin nan mai sanduna biyu da yake mayar da wani ɓangare na nauyin zuwa tayoyin gaba, idan kamfanin motarka ya yarda da shi.

Idan lilon ya fara, ka riƙe sitiyari a miƙe, kada ka yi ƙoƙarin bin tirelar kana gyara mata, domin hannunka ba zai cim mata ba. Ka ɗauke ƙafa daga totur a hankali, kada ka danna birkin mota da ƙarfi, kuma kada ka saurari masu cewa a ƙara wuta. Idan kana da na'urar birkin tirela, ka matsa hannunta domin tirelar ita kaɗai ta ja baya, sai ta miƙe kamar igiyar da aka ja. Da zarar ta natsu, ka nemi wuri ka tsaya ka sake duba lodin da iskar tayoyi, wadda ake aunawa da safe kafin tayar ta yi zafi.

Gudu kuma shi ne yake ba lilo abinci. Ba banza ba dokar Birtaniya ta tsayar da mai jan tirela a kan mil 60 a awa a manyan hanyoyi, kusan kilomita 96, ta Jamus kuma a kan kilomita 80 sai ga wanda ya samu izini na musamman na 100. Ka kuma tabbata sarƙoƙin tsaro biyu sun gicciye a ƙarƙashin wuyan tirelar, yadda idan haɗin ya kuɓuce za su tallabe shi kafin ya caki kwalta.

Tambaya: Malam, tun da na fara jan tirela motata ta koma shan mai sosai, kuma wani ya ce mini kada in riƙa kashe inji nan take idan na tsaya. Gaskiya ne?

Amsa: Duka biyun gaskiya ne, Malam. Shan man ba nauyi ne kaɗai yake kawo shi ba, har da iskar da faffaɗan goshin tirelar yake turawa, kuma turjiyar iska tana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu, saboda haka ɗan rage gudu yana bayyana a tanki nan da nan. Idan motarka sabuwar ƙira ce mai amfani da ruwan AdBlue, wanda ake fesawa a hanyar salansa don rage gubar hayaƙi, kuma kashi 32.5 cikin 100 nasa sinadarin yuriya ne, shi ma zai riƙa ƙarewa da wuri, kuma idan ya ƙare motar za ta rage ƙarfi ko ta ƙi tashi, don haka ka riƙe na ajiya.

Game da kashe inji, na'urar turbo, wadda take cusa wa injin ƙarin iska, tana juyawa fiye da sau dubu ɗari a minti guda, hayaƙi mai tsananin zafi ne yake kaɗa ta, baƙin mai kuma shi yake sanyaya ta. Idan ka gama hawan tudu ka kashe inji nan take, man ya daina zagayawa, wanda ya rage a cikinta ya ƙone ya daskare. Ka bar injin yana aiki a tsaye na minti biyu zuwa biyar bayan aiki mai nauyi. Sannan ka duba littafin motarka, za ka tarar an sa jan tirela a cikin aiki mai tsanani, wanda yake buƙatar a canza baƙin mai da man giya da matatar dizal da wuri fiye da yadda ka saba, kuma kafin kowace doguwar tafiya a wanke ƙurar da ta toshe gaban lagireto.